Na Ɗinke Littafin Kaka

Soron Ɗinki, Kano
Juma'a, bayan la'asar

Zuwa ga Yaya Mikail,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Bahijja da yara. Yaya ruwan Fatakwal? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke ɗan motsawa.

Yaya, abin da na gani yau da safe a soronmu ba zai jira dawowarka ba. Dattawa biyar ne suka haɗa kai wuri guda kamar kaji a kan tsaba, hular Malam Ilu a ƙasa, gilashin Alhaji Jibrin ya maƙale a rawanin Baba. Kuma ni na jawo.

Ka san ina koyon ɗinkin littafi a waya. Da littafin makarantar ƙanwarmu Zubaida na fara, na haɗa shi da zanin gadon Inna na ɗinke. Ranar Baba ya ce in na ƙara ɓarna a gidan nan, zai karɓe allurata ya tura ni shagon Kawu ɗaukar dila. Ni kuwa wannan aikin nake so.

Da hannuna ya ɗan zauna, sai na tuna da waƙoƙin wa'azin da Kaka ya rubuta da ajami, waɗanda ke cikin gafaka warƙa-warƙa, gefensu duk ya cinye. Na ce bari in yi wa Baba bazata. Na jera su, na huda da basilla, na shafa wa zare kakin zuma, na bi a hankali, na danne da dutsen niƙa. Wallahi ɗinkin ya yi kyau, ko an girgiza ba abin da ke motsi.

Abin da na manta shi ne, duk safiyar Juma'a raba warƙoƙin nan dattawa suke yi, kowa ya koma gefensa ya rera nasa in layi ya zo kansa. Kuma ka san Malam Ilu da Alhaji Jibrin ba sa ga maciji tun rigimar indararo. Wannan yana bakin ƙofa, wancan yana ƙurya.

Baba ya sa hannu zai zari warƙa, littafi ya taso gaba ɗaya. Ya dube ni. Na dubi tabarma. Haka suka matso dole, gwiwa na gugar gwiwa, suka rera har ƙarshe. Ana shafa fatiha Baba ya miƙo mini reza, ya ce in farke, in na gama in kawo allura.

Na durƙusa ke nan, sai Alhaji Jibrin ya kalli bango ya ce a bar littafin haka, domin akwai wani bawan Allah da ya saba tura dogayen warƙoƙi ƙarƙashin buzu don a tashi da wuri a sha koko. Malam Ilu ya kalli ƙofa ya ce shi ma a bari, ko mai wawurar warƙoƙi masu daɗin amshi zai bar wa talakawa. Kafin ka ce kwabo sun juyo suna fuskantar juna, wannan na cewa makwaɗaici, wancan na cewa mai muryar tsohuwar ƙofa. Har kafaɗa suka dafa don zagin ya shiga sosai.

Baba ya daɗe yana kallonsu. Ya ce shi da liman da mai unguwa sun gaji da sulhu ba su taɓa sa mutanen nan sun yarda da abu ɗaya ba, sai ga zare ya yi. Ya karɓi rezarsa. Ya ce in riƙe allurata, amma in na kusanci sauran gafakokinsa, ni zai ɗinke.

Ka gaida Anti da yara. Na san za ka ce ƙari na yi. To ka tambayi Zubaida da ke leƙe ta bayan labule, da Uwani mai ƙosai, wadda ta tsaya kallo har kaskonta ya ƙone.

Ƙaninka,
Naziru