Kwana Uku a Bakin Kufai, Ba Mu Taka Kufai Ba

Zuwa ga Mai Girma Maigari, uban ƙasar da ke bakin kufan tsohon birni.

Ranka ya daɗe, bayan sallama da gaisuwar ban girma, ina ruwa, ina kuma gajiyarmu. Ni ne Garba mai albasa daga Marnona, wanda ya zo garinku farkon damina da tsohon ubansa. Ƙara na kawo, irin wadda ban taɓa jin an kai ba: mutanenka sun karrama mu har sun hana mu abin da ya kawo mu.

Baba ya haura tamanin. Idonsa na hagu ya daɗe da rufewa, na dama kuma likita ya ce kullum baya shike yi. Tun muna ƙanana shina gaya muna kakanninmu marina ne a tsohon birnin, kuma ramukan marinarsu na nan bayan ganuwa. Bai taɓa zuwa ba. Bana ya ce in kai shi tun da sauran gani.

Na ɗaya. Muna sauka ranar Talata da hantsi, gida uku sunka aiko a kai mu masauki: gidan Liman, saboda Baba ya taɓa karatu wurin mahaifin Liman sa'ad da malamin ya zauna Marnona, da gidan Sarkin Noma, dangin kakata, da rugar Ardo mai kiwon shanunmu. Ni kuma, da wayona na kasuwa, na ga in na zaɓi ɗaya na ɓata wa biyu. Sai na kai Baba ɗakin baƙi na ƙungiyar gari, tun da ba na kowa ba ne. Ashe a garinku mai masauki shi ke tare wa baƙo jama'a, ya ce baƙona na hutawa, ko baƙona zai fita. Baƙon da ba shi da mai masauki kuwa na gari ne duka. Dogarinka da ya buɗe muna ɗakin ya san haka sarai, murmushi kawai ya yi ya miƙo makulli.

Na biyu. Kafin azahar na ƙirga kwano goma sha ɗaya, ban da ƙwaryar nono biyu. Baba ya ce kunya ce kwano ya koma ba a taɓa ba, ga shi ba haƙora, don haka ni na yi aikin. Laraba kuma ya ce ba a cin tuwon mutum a tahi yawon buɗe ido ba a yi godiya ba. Munka bi gida goma sha ɗaya, kowane zaure sai an shimfiɗa tabarma an lissafo wa ya haifi wa. Da munka koma ɗaki, sai ga kwanonin godiyar godiya.

Na uku, kuma shi ne ke mani ciwo. Alhamis da sassafe munka sulale. Mun kai bakin fadama, har ina nuna wa Baba kan kukokin kufai, sai ga Ardo da kansa bisa mashin, wai an riga an yanka muna rago. Mi za mu ce? Munka juya. Da la'asar ruwa ya sauko, fadama ta cika, anka ce ba mai ƙetarawa da tsoho sai kaka. Juma'a munka koma gida da ƙafar rago da buhun wake.

Ranka ya daɗe, laifin nawa ne rabi, na yarda. Amma ina roƙon abu biyu. A sa wani a bakin tasha, ko da mai shayi ne, ya riƙa gaya wa baƙo ya zaɓi gida guda ya huta. Sa'annan in Allah ya kai mu kaka, kai da kanka ka yanke gidan da za mu sauka, don a ji haushinka ba nawa ba, kuma daga mota a wuce da mu kufai kafin wani kwano ya gan mu.

A makon jiya Baba ya kasa gane fuskata sai da na yi magana. Na ce masa mun makara ke nan. Ya ce: "Ba mu makara ba. Ka ce wa Maigari ya sa wanda zai kama hannuna ya aza bisa bakin ramin marinar, ni na san sauran." Wannan shi ne roƙona na uku, kuma ban iya rubuta shi da dariya ba.

Allah ya ja zamaninka, ya albarkaci gonakin mutanenka, ya ƙara masu abin ba baƙo, ya kuma rage masu saurin kawo shi.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Garba mai albasa, Marnona.