Manoman Manga Ba Su da Babbar Waya, Yallaɓai

Zuwa ga Yallaɓai Darakta,
Shirin Rainon Ƙananan Kamfanonin Fasaha Masu Amfanar Al'umma.

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana lafiya kai da iyali da abokan aiki. Sunana Rahila, 'yar tsohon soja ce ni daga Rikoto a cikin garin Zuru. Ina cikin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe na shirinku na bana, aka sallame su da wasiƙa mai layi huɗu. Sau biyu na rubuto muku ban ji amsa ba, shi ya sa na fito fili. Ba faɗa na zo yi ba. Mu ma yanzu idan muka tuna abin, dariya muke yi. Amma akwai gyara.

Bari in fara da aikin namu. Mu biyu ne, ni da Bello, ɗan ajinmu tun sakandare, wanda ya tashi a ruga ya kuma karanta kwamfuta. A nan wajenmu kowace kaka sai an yi rigima, domin shanu kan shiga gona kafin a kwashe dawa. Abin mamaki, da zarar an kwashe, manomin nan shi ke son shanun su shigo su ci kara su bar masa taki. Ashe ba ƙiyayya ba ce, rashin sanin lokaci ne. Sai muka buɗe lambar waya ɗaya. Manomi ya kira, ya faɗa da Hausa ko da C'lela, yaren mutanen Zuru, cewa ya gama girbi, ko kuwa a dakata masa kwana biyar. Saƙon ya shiga wayoyin makiyayan da ke kusa, da murya, ba sai an iya karatu ba.

Akwai wani dattijo a ƙauyen Manga, Baba Gomo, wanda ya yi shekaru ba ya gaisawa da Arɗon rugar da ke bayan gonarsa. Bara shi ya fara kiran lambar. Shanu suka jira har ya ɗaure dami na ƙarshe. Yau idan ka je gidansa za ka tarar da ƙwaryar nono daga rugar, shi kuma yana aika musu da gyaɗa. Wannan shi ne abin da muka kawo muku.

Ga inda aka yi mana ba daidai ba.

Na farko, ganawar bidiyo. Kun ba mu minti goma. Mun san halin sabis ɗinmu, don haka muka ɗauki babur muka hau tudu bayan gari, na sha kwalliya, Bello ya sa babbar riga. Muka jingina waya da dutse. Na yi gaisuwa, na faɗi sunana, ina shirin shiga magana sai fuskokin alƙalanku suka daskare. Ɗaya bakinsa a buɗe, har na ɗauka mamakin aikinmu yake yi, na ci gaba da zuba bayani kusan minti uku kafin Bello ya taɓa ni ya ce, "Rahila, da dutse kike magana." Da sabis ya dawo, an riga an kira na bayanmu. Mun roƙi a sake ba mu lokaci, ko a kira mu ta waya kawai. Shiru.

Na biyu, dalilin da kuka bayar. Wasiƙarku ta ce ba mu da manhajar da za a sauke, saboda haka ba mu da abin nunawa. Yallaɓai, da gangan ba mu yi manhaja ba. Bello ya iya, cikin mako biyu zai haɗa ta. Amma wa zai sauke? Wayar Baba Gomo ƙarama ce mai maɓalli, an ɗaure bayanta da roba. Ta Arɗo ma haka, sai dai tasa tana da tocila. Idan sharaɗin shirinku shi ne sai wanda ya yi wa masu babbar waya aiki, to a faɗa tun a fom, a kuma cire kalmar al'umma daga sunan.

Na uku ya fi ci mini rai. Kun nemi shaidar masu amfani da aikin. Muka bi gonaki da rugage muka naɗi muryoyinsu. Baba Gomo ya yi wanka ya sa hula kafin ya yarda ya yi magana, ko da yake mun gaya masa murya kaɗai ake ɗauka. Ya ce manya ne za su ji shi. Na zauna na fassara kowace kalma zuwa Turanci. Wurin da muka ajiye muku muryoyin yana nuna ko an buɗe. Har yau da nake wannan rubutu, ba wanda ya buɗe.

Ba na cewa dole sai mu za a ɗauka. Na ga waɗanda suka ci, yara ne masu ƙwazo, na kuma taya su murna. Mu ma aiki bai tsaya ba. Ƙauyuka biyu sun aiko suna son a sa su cikin tsarin namu kafin kaka. Abin da muke nema a wurinku tun farko horo ne da ƙwararrun da za su nuna mana yadda za mu faɗaɗa ba tare da abin ya fi ƙarfinmu ba.

Roƙona kaɗan ne. A bar wanda sabis ya yanke wa ya yi ganawa ta kiran waya. A sa mai jin Hausa cikin alƙalai. A auna aiki da mutanen da ya amfana, ba da kyan fuskar manhaja ba. Sannan a turo mutum ɗaya ya zo Zuru da kaka. Masauki na wuyana, Bello zai kai shi ruga a babur.

Makon jiya wasu 'yan mata uku daga unguwarmu suka zo gida. Sun haɗa hanyar tuna wa mata masu ciki ranar awo, ita ma ta ƙaramar waya. Suka tambaye ni ko su cika fom ɗinku na baɗi. Na ce su cika, na ma zauna na taya su. Da bakina na ce musu za a saurare su, Yallaɓai. Don Allah kada a mayar da ni maƙaryaciya.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa albarka a shirin nan, ya kare ka da iyalinka.

Wassalam.

Taka mai fatan alheri,
Rahila, Rikoto, Zuru.