Rigunan da Na Gani a Ƙarƙashin Teburin Yanka

Assalamu alaikum, Yayata ta kaina,

Ina gaishe ki gaisuwar wadda ta daɗe ba ta ga fuskarki ba. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku daga sanyin ƙasar nan taku. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har yana takawa bakin titi. 'Yata Mai-Kumatu ta cika shekara biyu da wata uku, baki ya buɗe, kowa ta gani sai ta tambaye shi ina takalminsa. Na zaɓi in rubuto miki ne domin a waya muryata karyewa take yi, kuma duk sanda kika kira, babanta yana kusa.

Yaya, ranar Talatar da fasfo ɗinmu suka dawo daga ofishin jakadanci ita ce ranar da komai ya juya min. Da safe murna nake kamar zan tashi sama. Na buɗe shafin bizar ya fi sau ashirin, ina shafa hotona da ya fito kamar wadda aka kama da laifi. Kin san ni da littattafaina. Tun da kika aiko da takardar gayyata nake ganin kaina a bakin teku, gyalena yana kaɗawa, maigidana kuma yana riƙe min jaka yana faɗa min kalaman da tun aurenmu bai taɓa faɗa ba. Sati biyu na yawon buɗe ido, in gan ki, in dawo in ishi maƙwabta da labari. Iyakar abin da na sani ke nan.

Da azahar na kai masa abinci shago, na tarar ya fita sayen zare. Almakashi ya faɗi, na sunkuya zan ɗauka, sai na ga wata jaka a ƙarƙashin teburin yanka, an tura ta can jikin bango. Na ɗauka kayan mutane ne. Da na zuge zif sai na ga rigunan yarinya, an goge, an ninke, an jera su. Ta sama daidai Mai-Kumatu. Ta ƙarƙashinta ta ɗan fi girma. Kowace da 'yar takarda an maƙala da allura, da rubutunsa: shekara uku, shekara huɗu, shekara biyar, shekara shida. Ya bar musu kalmasa mai faɗi yadda za a warware a ƙara tsawo. Har da kayan makaranta, da aljihu a ƙirji. Ɗinkin ya yi kyau, Yaya, bai taɓa yi wa kowa irinsa ba. A littattafaina a nan ne matar take sumewa. Ni ban suma ba. Na mayar da su yadda suke, na zauna a kan benci ina kallon keken ɗinkinsa.

A zaunen nan abubuwa suka riƙa dawo min. Mutumin da ya cike mana takardu, wanda ake ce wa Ba-Matsala don komai ka tambaye shi amsarsa ke nan, shi ya ce kada a sa sunan yarinya a tafiyar. Ya ce ita ce hujjarmu, duk wanda ya bar ɗa a gida an san zai dawo. Kwana uku yana zaunar da ni a ofishinsa mai fanka ɗaya, yana tambayata me zai dawo da ni, ina cewa 'yata. Ya ce in ƙara taushin murya, in kalli jami'in cikin ido. Ranar ganawa kuwa matar da ke bayan gilashi ta yi tambayar, na ba ta amsa da zuciya ɗaya, har ta yi murmushi. Ashe a cikinmu ni kaɗai ce ban san ƙarya nake yi ba, shi ya sa ta fito da kyau.

Na tuna maigidana ya ba wa mai gyaran babur tattabarunsa, ya ce sun dame shi da ɓarna. Na tuna surukata ta sayi ƙaramar katifa ta ajiye kusa da gadonta, kuma kwanan nan in yarinya ta yi kuka sai ta riga ni ɗauka, tana cewa gara ta saba. Sati biyu har sai an saba? Sannan ke, Yaya. A kiranki na ƙarshe kin tambaye ni lambar takalmina, kin ce za ki ajiye min na sanyi. Bizarmu ta lokacin zafi ce. Ba na zarginki, ke kika goya ni, amma ina so ki gaya min gaskiya ko da ke aka shirya.

Da ya dawo na tambaye shi ko zama za mu yi a can. Bai musa ba. Ya ce shagon ya daina riƙe gida, kayan kanti sun kashe ɗinki, kuma bai gaya min ba ne don ya san zuciyata, da na sani da na fashe da kuka a gaban jami'an. Ya ce shekara biyu ce kawai, da zarar takardu sun gyaru za mu aiko a kawo ta. Na ce in shekara biyu ce, me ya kai shi ɗinka ta shekara shida? Sai ya zauna ya kama zura zare a allura, ya yi ta kuskurewa, mutumin da ko ido rufe yake zurawa. Har na ɗauki kwanona na fito bai ɗago ba.

Tun ranar gidan ya yi shiru. Ba ya faɗa, ba ya lallashi, akwatuna biyu suna tsaye a bayan ƙofa. Surukata tana zuwa kullum da safe, ta ɗauki yarinya ta ce za su zaga, kuma kowace rana zagayen yana ƙara tsawo. Jiya sai bayan la'asar ta dawo da ita, an yi mata wani kitso da ba ni na yi ba. Na ɗauko littafi don in huta, na kai shafi goma ban san me na karanta ba. Saura kwana tara jirgi ya tashi, kuma na lura shi ba zai fasa ba, ko da ni ko ba ni. Ina son mijina, Allah ya sani, ban kuma san yaushe zan sake ganinsa ba in ya tafi.

Ki gaishe min da maigidanki, da babban ɗanki mai sunan Baba, da 'yan biyu. Baba yana sa miki albarka, Gwaggo tana tambayar maganin gwiwarta, Kawu ma ya ce a gaishe ki. Ki yafe min wahalar takardun da kika sha.

Kada ki sayi takalmin nan. Yau da safe na kai wa Baba fasfona ya kulle a akwatinsa, na kuma kwaso kayan Mai-Kumatu daga ɗakin kakarta. Ba zan yi tafiyar ba.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, autar Inna