Gidan da Aka Toshe wa Rariya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, kwanciyarki ta zama hutu. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Amma tun rasuwarki, duk wata babbar shawara da ta taso mini sai in ji kamar in yafa mayafi in hau motar Makoda, in same ki a kan tabarma kina ɓarar gyaɗa. Tunda babu hali, bari in rubuta.

Inna, na sayi gida.

Kada gabanki ya faɗi, gonar ba ta bar dangi ba. Da aka raba gado, Yaya Sani ne ya sayi kasona, kuma har yanzu irin geronki ake shukawa a wurin. Kin san tun rasuwar baban su Maryam nake zaman haya a Ɗanbatta. Duk shekara mai gida sai ya yi ƙari, albashin koyarwa kuwa yana nan inda kika bar shi. Kuɗin gonar nan su ne iyakar abin da na mallaka. In na zuba su a gidan banza, ba ni da wata gonar da zan sake sayarwa, kuma guminki ne na zubar. Wannan tunanin ya hana ni sakewa wata da watanni.

Na sha yawo. Dillalin, Malam Ɗanjuma, mutum ne mai zaƙin baki, in yana yabon kango sai ki rantse bene ne. Ya kai ni gidajen bakin titi, kuɗinsu ya fi ƙarfina. Ya kai ni wasu kusa da kasuwa, inda ranar da take ci babura da buhuna ba za su bar ki ki fita ƙofar gidanki ba. Akwai wani mai araha a gefen kududdufi, sauro ne ya tarbe mu da rana tsaka. Daga ƙarshe ya kai ni bayan gari, sabuwar unguwar da ake ginawa a inda da gonaki ne. Lokacin kaka ne, in kin leƙa ta kan katanga kina hango dawa a tsaye.

Gidan ya shiga raina tun daga zaure. Ginin bulo ne, ɗaki uku, rijiya mai ruwa, tsakar gida an shafe ta da siminti tas. Makarantar su Maryam ba nisa, masallaci yana bakin layi, ga mai niƙa a baya. Da dillalin ya faɗi kuɗin sai na yi mamaki, don bai kai na sauran gidajen layin ba, har waɗanda ba su kama ƙafarsa a kyau ba. Na tambayi dalili, ya ce mai shi ya koma Kano, sauri yake yi. Na ce to, amma raina bai kwanta ba. Ke kika koya mini, in mai tumatir ya rage mini kuɗi tun ban taya ba, in duba ƙasan kwandon.

Sai na yi abin da na sha ganin kina yi in kika shiga baƙon wuri. Na sallami dillali, na yi sallama a gidan da ke manne da wannan ta gabas, na roƙi ruwan alwala. Gidan ƙasa ne, ya girmi unguwar gaba ɗaya, gari ne ya zo ya same su a gonarsu. Wata tsohuwa ce a ciki, Baba Uwani, da surukarta da jikoki. Ta ba ni buta, ta shimfiɗa mini tabarma, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su. Da na ce kin rasu, ta yi mini ta'aziyya. Amma da na ce gidan maƙwabta na zo dubawa, sai fuskarta ta canja. Ta ce Allah ya sa alheri, ba ta ƙara ko kalma ba.

A wajen alwala na ga abin da bakinta ya ƙi faɗa. A gindin katangar da ta raba gidajen akwai rariya, an toshe ta da siminti daga wancan gefen. Kusa da ita ga tulin jar ƙasa da guntayen azara. Surukar ce ta ba ni labari, murya ƙasa-ƙasa. Tun asali ta nan ruwan saman gidansu yake bi ya gangara. Da mai gidan da na zo dubawa ya yi gininsa, ya ce ba za a ɓata masa siminti da ruwan wasu ba. Dattawa suka je, liman ya je, ya ƙi. A daminar farko ruwa ya taru ya rasa hanya, ya ci gindin ɗakin tsohuwar har ya faɗi. Allah ya kiyaye, babu kowa a ciki. Tun daga nan a ɗakin jikoki take kwana. Mutanen unguwa ba su yi faɗa da shi ba, janye jiki kawai suka yi, har zaman ya gundure shi ya tashi. Duk mai sayen da ya zo ya tambayi 'yan layin, amsar ɗaya ce, Allah ya sa alheri. Abin da ya karya kuɗin gidan ke nan.

Inna, a kan tabarmar nan na tuna da ke har idona ya cika. Na tuna yadda ruwan gidan Malam Idi yake ratsa tsakar gidanmu ya shiga gidan su Lami, daga can ya faɗa gona. In hadari ya haɗu kowa yana kwashe shanya, ke kuwa sai ki ci ɗamara, ki ɗauki karan dawa ki nufi rariya. Ni kuma ina tura baki, ina cewa don me dattin wasu zai bi ta gidanmu. Ko kallona ba kya yi. Cewa kike, "Namu ma ta gidan wasu yake bi. Matsa mini."

Na kai wa Yaya Sani maganar. Ya ce in rabu da gidan, rigima zan saya da kuɗina, kuma mace mai marayu ba ta da ƙarfin gyara abin da wani ya ɓata. Ban ga laifinsa ba, tsoro yake jiye mini. Malam Ɗanjuma kuwa, da ya ga na gano, cewa ya yi ai toshewar ma riba ce gare ni, tsakar gidana za ta zauna a bushe. Na kai magini ya duba. Ya ce ginin lafiya lau yake, in an fasa simintin aka ja 'yar kwata ta jikin katanga, ruwan zai fita waje bai taɓa ɗaki ba, sai dai tsakar gidan ba za ta ƙara yin kyan da na gani ba. Na yi istihara. Na koma na zaga layin da yamma, na ga yara suna wasa a ƙofar kowane gida ban da wannan. Na ji tausayin tsohuwar, gidan ma ya ba ni tausayi.

Na saya, Inna. Kafin in shigar da ko tukunya, na sa magini ya zo da guduma ya fasa simintin rariyar. Ban aika wa kowa ba, ƙarar ce ta sanar da su. Duk da haka, da muka tare, gaisuwa daga nesa ake yi mana, kowa yana jiran ya ga halinmu. Ba zan ɓoye miki ba, na tsorata, na ce ko Yaya Sani ne ya yi gaskiya.

Shekaranjiya bayan la'asar aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Ina tsaye a bakin ɗaki na ga ruwan gidan Baba Uwani ya shigo jawur, ɗauke da ƙaiƙayi da kashin awaki, ya bi kwatar. Can sai ya tsaya, wani abu ya tokare ramin. Ban san lokacin da na ci ɗamara na zari kara na fita cikin ruwan ba. Na durƙusa ina zurawa, sai na ji karana ya ci karo da wani karan daga wancan gefen. Tsohuwar ce, ita ma ta fito. Muka yi ta zungura tare, ba mai ganin wani, har tsumman da ya toshe ya fito, ruwan ya wuce. Ta cikin ramin na ji muryarta tana cewa, "'Yar nan, Allah ya jiƙan wadda ta haife ki."

Na ce amin. Ban sani ba ko ta ji.

Yau da safe surukarta ta shigo mana da koko da ƙosai, ta ce bayan damina mazan layin za su yi gayya su tayar wa tsohuwar ɗakinta. Addu'ar kuwa taki ce, shi ya sa na ce lallai in isar miki.

Allah ya jiƙanki, Inna. Ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya ba ki maƙwabta na gari a can kamar yadda kika zame wa mutane a nan. Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

'Yarki ta fari a mata, wadda kunya ta hana ki kiran sunanta,
Rabi