Cikin Nawa Ne, Aka Ɓoye Mini Labarinsa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Ni Abdulsamad, wanda Bunkure ta sani da Baballe mai albasa, na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, jikin ne kawai ya gaji. Wasiyya ce gare ku 'ya'yana, Safwan da Hidaya da Badaruddeen, da uwarku Zuliha. Ba don dukiya na ɗauki alƙalami ba. Na ɗauka ne don kada abin da ya same ni ya sami Badaruddeen.

Na ɗaya. Gida da gonakin shinkafa a raba yadda shari'a ta ce. Daga sulusina, injin ban ruwa na Lukmanu ne, maƙwabcin gonata, wanda ya shayar mini da albasa rani guda ina kwance.

Na biyu. Damina biyu ke nan da na fara ganin jini a bayan gida. Na ce basir ne, tunda a ƙasar nan duk abin da ya fito ta nan basir muke ce masa. Safwan, kai ka kai ni asibiti a Kano, aka yi gwaje-gwaje. Da sakamako ya fito, likita ya kira ka ciki a matsayin babban ɗa, aka bar ni a kan benci. Ka fito kana murmushi ka ce mini basir ne. Ka dawo ka gaya wa uwarka gaskiya, kuka haɗa baki cewa tsoho ba zai jure wuƙa ba, kada a tayar masa da hankali. Wata goma sha huɗu ina shan jiƙo da sassaƙe, Zuliha ke tace mini da hannunta. Sai da Hidaya ta zo daga Garun Mallam tana neman katin asibitina ta ci karo da takardar sakamakon: tsiro ne a babban hanji, a yi aiki cikin wata guda. Da muka koma, ya riga ya kai hanta.

Zan faɗa sau ɗaya, ba zan maimaita ba: kun ci amanata. Cikin nawa ne, ran nawa ne, kuka yanke hukunci a kai ina zaune tsakaninku ina sa muku albarka. Mai rantsuwa da Allah a kan awon buhu ban taɓa zarginsa ba, balle ɗana da matata. Na san ba mugunta ba ce, domin haka muka yi wa mahaifina, ya mutu muna cewa basir, muna ganin tausayi muka yi masa. Sanin haka bai rage mini zafin ba.

Na uku. Ku riƙe abin da likita ta biyu ta koya mini, mace ce, ta dube ni ido da ido ta zana mini a takarda. Aikin narkar da abinci daga baki yake farawa, haƙori ya niƙa, yawu ya jiƙa. Tumbi ya dama shi da ruwansa mai tsami. A ƙaramin hanji, matsarmama ta zubo ruwan da ke narka maiƙo, a nan kuma jiki ke tsotse amfanin abinci ya shiga jini. Babban hanji ya janye ruwan da ya rage, tarkace ya fita. Ni da na shekara arba'in ina bin ruwa daga babban kanal zuwa kwamin shuka, nan take na gane: inda ya toshe ko ya tsage a sama, na ƙasa ƙishirwa zai sha. Jinina a hankali yake tsiyayewa, shi ya sa na yi fari, nake haki daga ɗaki zuwa masallaci.

Na huɗu. Abin kunya, mu ke noma karas da kabeji da salak da tumatir, mu loda wa motocin kudu, mu dawo gida mu ci farar shinkafa da mai da yaji. Likitar ta ce ganye da wake su ke sa hanji tafiya, zogale da alayyafo da hanta su ke gina jini. Ba ta ce wannan ne ya jawo ciwona ba, ni ma ban ce ba. Amma 'yar gonar bayan gida, ina roƙon wanda ta faɗo wa ya bar ta ta ganye, kwandon farko ya shiga tukunya kafin dillali ya gani.

Na biyar. Hidaya, wata uku ba kya gaida yayanki, kin ce shi ya kashe ni. Ba shi ya kashe ni ba, kwana ne ya ƙare. Haƙƙin nawa ne, na yafe masa, na yafe wa uwarku, ko da yake da ƙyar zuciyata ta bi bakina. Kada ki riƙe abin da mai shi ya saki.

Na shida, ita ce babba. Badaruddeen, na ga jarkar jiƙo a bayan ƙofarka, na ga farin idonka. Likita ta ce irin wannan ciwo yakan bi jini, kuma idan an kama shi da wuri ana warkewa. Wataƙila basir ɗin ne da gaske, amma ba mai sassaƙe ne zai faɗa ba. Safwan, kai za ka kai shi. Idan aka kira ka ciki, ka riƙo hannunsa ku shiga tare, a faɗa masa a fuskarsa. Idan ranar asibitin ta faɗo cikin kwanakin makokina, ku bar masu gaisuwa a kan tabarma ku tafi.

Allah Ya yi muku albarka, Ya raya zuri'arku, Ya ba uwarku haƙuri. Ku zauna gida ɗaya, ku ci a kwano ɗaya, ku riƙa faɗa wa juna gaskiya ko da za a yi kuka. Ni an hana ni kukana a lokacin da zai yi amfani. Kada ku hana ɗan'uwanku nasa.