Gadon da ya ƙi shiga mota

Asabar, 4 ga Maris

’Yata Tegan ta kawo motar. Tsohuwar ƙaramar bas ce, fara, duk warin fenti a ciki. A cikinta za ta kwana sati uku har ta kai garin Broome, can ɗaya ƙarshen ƙasar, inda asibiti ya ɗauke ta aikin jinya. Jirgin ruwan da zai haye da ita ƙetare daga tsibirinmu ran sha takwas zai tashi. In ta rasa shi babu wani gurbi sai Mayu, kuma aikin ba zai jira ta ba.

Gado take so a bayan motar, wanda za a iya cirewa. Mun buɗe ɗakin aikin babanta, karo na farko tun rasuwarsa. Zarton na nan inda mijin nawa Merv ya rataye shi.

Lahadi, 5 ga Maris

Ta yi awo da tef, ta zana komai a waya. Ni kuma na ɗauko sandata. Shekara ashirin da shida ina haɗa akwatunan tuffa a Huonville ban san lamba ko ɗaya ba, sai dai in ɗora sanda in yi tsaga da wuƙa. Karatun ma sai da na haura hamsin.

Ta yi ta dariya. “Mama, wannan sandar ai gidan tarihi ya kamata a kai ta, ke da ita.”

Na ce to, gwanar waya.

Da ta shiga dafa shayi na gwada. Faɗin da ta rubuta na saman mota ne. A ƙasa akwai tudun nan biyu na kan tayoyin baya, sun cinye kusan taƙi guda. Ƙafafun gadon ba za su sami wurin zama ba.

Ban faɗa mata ba.

Laraba, 8 ga Maris

Katako ya iso, an yanka shi daidai da awonta. Mai shagon ya ce shi ne na ƙarshe, wani sai bayan sati biyu. Na ji daɗi, Allah ya yafe mini.

Alhamis, 9 ga Maris

Wai akwai kada a can Broome har a bakin teku. Raelene maƙwabciyata ce ta faɗa, ta kan shinge. Ta ce, “Noeleen, yarinyar nan shekararta talatin, kadan ne abin tausayi.”

Asabar, 11 ga Maris

Yini guda ta yi tana haɗa gadon, dunƙule guda, da gam da noti. Ni ke riƙe mata katako. Tana cije leɓe in tana ɗaure noti, kamar babanta. Na kalli ƙeyarta har ta ce, “Mene ne?” Na ce ƙurar katako ce a gashinta.

Lahadi, 12 ga Maris

Ya ƙi shiga.

Mun juya shi ta kowace fuska, ƙafafun suna dukan tudun taya. Na zaci za ta yi faɗa ko ta jefar da wani abu. Sai kawai ta zauna a bakin ƙofar motar, ta ce a hankali, “Wata bakwai ina shirin nan.” Daga baya ta ce za ta shimfiɗa katifa a ƙasa ta tafi a haka.

Ashe ko da gado ko babu tafiya za ta yi. Abin da na jawo mata kawai shi ne kwanan sati uku a kan ƙarfe mai sanyi, ita da ciwon bayanta.

Ban iya cin abincin rana ba.

Litinin, 13 ga Maris

Tana fita aiki na ɗauki zarto. Na raba shi uku. Ƙafafun na mayar da su ciki, bisa tsagar sandata. Kowane falle na yi masa baki da zai zauna cikin na kusa da shi, yadda muke jera akwatunan tuffa a kan juna ba ƙusa ko ɗaya, kuma ba sa motsi ko a hanyar dutse. Mutum ɗaya zai iya ɗaga kowanne. Kafaɗata sai a hankali.

Da ta dawo ta hau, ta yi birgima, ta jijjiga shi. Ko ƙara bai yi ba. Sai ta ga sandar a jingine.

“Tun yaushe kika sani?”

“Tun waccan Lahadin.”

Ta ce, “Kai, tsohuwar nan, ba ki da dama.” Ta matsa gefe, ta buga katifar da tafin hannu. Na hau. Muka kwanta muna kallon rufin mota. Ya ɗauke mu mu biyu, da ƙyar.

Asabar, 18 ga Maris

Ta tafi. Na cika mata ƙarƙashin gadon da tuffa, ta sauke su duka, wai doka ta hana a ƙetare iyaka da su.

Talata, 21 ga Maris

Gidan ya yi girma.

Lahadi, 9 ga Afrilu

Ta isa. Ta ce gadon bai yi ƙara ko sau ɗaya ba, kuma ita kaɗai ta cire shi cikin minti biyar. Wai wani dattijo a wurin kwanan matafiya ya leƙa ƙarƙashinsa ya tambaya wane kafinta ne ya yi shi. Ta ce a Agusta zafi da sauƙi, akwai jirgin sama daga Hobart, babban birninmu, in zo, za ta mayar da gadon cikin motar mu bi bakin teku. Na ce ni ban taɓa hawa jirgin sama ba, kuma ba yanzu zan fara ba.

Da yamma na tambayi Raelene ko za ta iya ba kajina abinci na sati biyu a Agusta. Tambaya kawai na yi.