Ƙodar da Na Hana Ƙanena

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don zagin da nake yi wa kaina kullum ya ishe ni.

Ni matar aure ce, ina zaune a Greensboro ta Amurka da maigidana da 'ya'yanmu biyu. Karatu ne ya kawo shi lokacin da gwamnati ke ta turo ɗalibai, ni kuma na biyo shi. Da muka zauna sai muka yi wa ƙanena hanya ya samu jami'ar da ke gabashin gari, yana karatun injiniya. Zan kira shi Sani, amma ba sunansa ba ne. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni na goye shi. A shekararsa ta biyu ƙafafunsa suka fara kumbura har takalmi ya daina shiga, muna ta cewa sanyin ƙasar ne. Sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi a tashar bas ta cikin gari aka kai shi asibiti, aka ce ƙodarsa duka biyun sun daina aiki. Tun daga nan sau uku a mako ake jona shi da inji ana wanke masa jini.

Likita ya tara mu ya ce hanya biyu ce. Ko ɗan'uwa na jini ya ba shi ƙoda ɗaya, ko ya shiga layi ya jira wani ya rasu wanda ya sa hannu a katin bayar da sassan jikinsa tun yana raye. Ban bari ya rufe baki ba na ce a gwada ni. Wallahi har zuciyata na faɗa. Aka ɗebi jinina, aka yi ta gwaje-gwaje, sannan aka kira ni ni kaɗai. Likitan ya ce na dace da Sani ƙwarai, da wuya a samu wanda zai kai ni. Sai ya nuna mini da yatsa inda za a tsaga, tun daga gefen ciki har baya, ya ce wataƙila a cire ɗan haƙarƙari. 'Yata ta fari tana da wata takwas a lokacin, ina shayarwa. Idan ban farka ba fa? Wa zai riƙe mini ita a ƙasar da ba ni da kowa? Ya ga yadda na koma, ya ce, "Ba wanda zai tilasta miki. Idan ba ki so, zan ce musu ba za a ɗauki taki ba, ba zan ƙara komai a kai ba." Ban ce masa e da baki ba. Kai kawai na gyaɗa.

Sani yana jirana a mota. Na shiga na ce ban dace ba, na fashe da kuka, kukan kunya, shi kuwa ya ɗauka tausayinsa ne. Shi ya koma yana lallashina. "Haba Yaya, ai kin yi iyakar yinki. Allah bai nufa ba ne. Share hawayenki kar ki kai mu rami." Har dariya ya yi. Ko maigidana ban gaya wa gaskiya ba har yau.

Shekara huɗu ke nan. Ni ke kai shi wankin jinin, mu bi titin Wendover da safe, in dawo in ɗauke shi ya fito kamar an matse tsumma. Ruwan sha ma auna masa ake yi, wani lokaci ƙanƙara kawai yake tsotsa. Ya ajiye karatu. Gida ba zai koma ba don ba mu da tabbacin injin a can. Innarmu ta aiko da kaset, rabinsa albarka take sa mini: "Ke da kika miƙa jikinki saboda ɗan'uwanki, Allah Ya ba ki masu yi miki haka." Ta yaya mutum zai saurari wannan ya ci abinci?

Abin da ya fi ci mini rai ya faru a walimar Sallah. Sani ya zo da katunan nan a aljihu yana raba wa mutanenmu, yana cewa su sa hannu su ajiye tare da lasin tuƙi, su kuma gaya wa iyalansu. Wani Alhaji ya ture hannunsa ya ce shi yadda aka halicce shi haka za a binne shi. Malamin da ke mana limanci ya ce malamai sun yi saɓani, amma akwai waɗanda suka halatta don ceton rai. Sai Sani ya nuno ni a gaban mutane ya ce, "Alhaji, ga Yayata nan, tana raye ta ce a yanka ta a ba ni. Ni bayan rai kawai nake roƙo, kuma ba don ni kaɗai ba, mu da yawa ne a ɗakin nan na inji." Kowa ya juyo yana kallona. Mutum uku suka karɓa saboda ni. Ni ma na sa hannu.

Bayan Sallar na koma wajen likitan a ɓoye, na ce na shirya, a tsaga duk inda za a tsaga. Ya sake gwada ni. Ashe hawan jinin da na samu a cikina na biyu bai tafi ba, ya fara taɓa tawa ƙodar. Ya ce yanzu ko na durƙusa ba zai ɗauka ba. Na tambaye shi, da na yarda tun wancan lokacin fa? Ya ce ba amfanin wannan tambayar. Ƙaryar da na yi ta zama gaskiya, ba ni da abin da zan ba shi kuma.

Yanzu an ce zuciyar Sani ta fara gajiya. Duk wayar da ta buga sai mu zabura ko an samu, kuma na san abin da muke jira shi ne wani ya rasa nasa. Makon jiya a mota ya ce, "Yaya, idan ba a samu ba, kar ki gaya wa Inna na sha wuya." Na buɗe baki in faɗa masa komai, sai na ji kaina ina tambayarsa ko ya sha maganinsa.

Idan na gaya masa, na sauke nawa nauyin na ɗora wa marar lafiya, wataƙila ya daina yarda in kai shi asibiti, kuma ba shi da wani mai kai shi. Idan na yi shiru ya tafi bai sani ba, wa zai yafe mini? Ina tuba, amma haƙƙin nasa ne. Jama'a ku taimake ni don Allah. Me zan yi?